Ido ba ya kai kowane labari: kyamarar da ke koyi da ganin ɗan Adam

Kawuna yana da shagon atamfa da shadda a babbar kasuwar Garwa. Bara, bayan an fasa shagon maƙwabcinsa cikin dare, ya sa aka ɗaura masa kyamarar tsaro a saman ƙofa, haɗe da ɗan faifan sola da batir saboda ɗaukewar wuta. Ba a yi mako biyu ba ya aiko a kira ni, wai ma'ajiyar abin ta cika. Na zauna a kan bencinsa na buɗe abin da ta ɗauka. Ƙofar ƙarfe ce a rufe, da kwaɗo biyu, da bakin kwata. Na tura gaba awa ɗaya, ƙofar ce. Na ƙara awa biyu, ita ce dai. Wajen ƙarfe uku na dare wata kyanwa ta gilma, ba ta yi sakan biyu ba, hotonta ma ya shafe kamar an goga yatsa a kan ɗanyar tawada. Daga nan sai ƙofar, har kiran assalatu.

Kawu ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Yanzu ɗana, duk kuɗin nan da na zuba, hoton ƙofata nake saye? Ai na san kamanninta."

Na ce, "Kawu, haka aka ƙera su. Ba su san bambancin abin da ya faru da abin da bai faru ba."

Wannan ƙorafi na kawu shi ne ainihin abin da wasu masana suka shafe sama da shekara 30 suna fama da shi. Amsar da suka samo kuwa daga cikin idonmu suka ɗauko ta.

A bayan gilashin kowace kyamara ta zamani akwai wani ɗan falle na silikon da ake kira sensa. An rarraba fuskarsa gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida sunansa fiksel. Aikin fiksel shi ne ya tara hasken da ya faɗo masa na ɗan lokaci, kamar ƙwarya a ƙarƙashin indararo, sai a zo a auna abin da ya taru a rubuta lamba. Ana bin gidajen duka a auna, a haɗa lambobin su zama hoto guda, a zubar da abin da ke ciki, a sake tara sabo. Bidiyo kuma hotuna ne a jere, yawanci 30 a kowane sakan. Kyamarar da ke da fiksel miliyan 2 ke nan tana rubuta lambobi miliyan 60 duk sakan, ko da ƙofa rufaffiya take kallo. Willard Boyle da George Smith ne suka buɗe wannan hanya a 1969 a Amurka da abin da ake kira CCD, suka samu kyautar Nobel a kansa a 2009. A farkon shekarun 1990 Eric Fossum da abokan aikinsa a wata cibiyar hukumar NASA suka inganta nau'in CMOS, wanda shi ne ke cikin wayoyinmu yau. Tun daga lokacin gasar ta koma ta yawan gidaje, shi ya sa tambayar farko a gaban teburin mai sayar da waya ita ce megafiksel nawa.

Wanda ya san kayan zai ce ai akwai saitin da ke sa kyamara ta adana bidiyo sai in ta ga motsi. Gaskiya ne, kuma shi na kunna wa kawu. Amma wannan ma'ajiya kawai yake ragewa wahala. Sensa na nan tana auna gidajenta duka, injin da ke bayanta na kwatanta hoton yanzu da na ɗazu, batir na ƙonewa. An hana maganar fita ne kurum, ba a hana a yi ta ba.

Ido ba haka yake aiki ba. Tun ƙarni na 11 Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi zamansa a Alƙahira, ya kafa hujja a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke shigowa ido daga waje, kuma gani ba ya kammala sai hankali ya yi hukunci a kan abin da ya shigo. Abin da aka gano daga baya shi ne, tace labarin yana farawa tun a cikin idon kansa. A bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani, retina, mai ɗauke da ƙwayoyin jin haske kusan miliyan 100. Mafi yawansu masu siffar sanda ne, su ke aiki a duhu. Sauran, 'yan miliyoyi kaɗan, masu siffar mazurari, su ke rarrabe launi da rana. To amma jijiyar da ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa zarenta bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Kusan ƙwayoyi ɗari ke nan ga zare guda. Wanda ya taɓa tsayawa a gadar Ngeli tsakanin Kusseri da Njamena da safe ya san abin da ke faruwa idan kaya sun fi hanya yawa. Dole a zaɓi abin da zai ƙetare tun kafin a hau gadar, kuma retina ce ke wannan zaɓe.

Me take zaɓa? Bambanci. A 1938 Keffer Hartline ya saurari zaren jijiyar idon kwaɗo ɗaya bayan ɗaya, ya tarar wasu suna harba saƙo idan haske ya zo, wasu sai idan ya ɗauke, wasu kuma a duka biyun. A 1953 Stephen Kuffler ya nuna a idon kyanwa cewa ƙwayoyin da ke aika saƙon suna kwatanta hasken da ke tsakiyar yankinsu da na kewaye. Idan duk ɗaya ne, ba su cika damuwa ba. Inda baƙi ya yi iyaka da fari, nan suke ɗaga murya. A cikin shekarun 1950 ɗin ne kuma aka yi wani gwaji da har yau yake ba ni mamaki: aka yi dabara aka tsayar da hoto cak a kan retina, yadda ko ido ya motsa hoton na binsa. Cikin 'yan sakanni sai mutum ya daina ganin hoton, ya dushe. Ashe shi ya sa ido ba ya zama wuri ɗaya. Ko lokacin da kake jin ka kafe shi a kan abu, yana ɗan rawa da zillo ƙanana-ƙanana da ba ka ji, don abin da ke tsaye ya ci gaba da zama sabon labari.

Akwai kuma gwajin da mai karatu zai iya yi yanzu. Miƙa hannunka gaba, ka dubi farcen babban yatsa. Faɗin wannan farce, kusan shi ne iyakar wurin da kake gani tar a lokaci guda. Ɗora yatsan a kan rubutun nan, ka kafe ido a kansa, ka gwada karanta kalmar da ke nesa da shi kaɗan ba tare da ka juya ido ba. Ba za ta karantu ba. Gefen ido ba ya karatu, amma ba a fi shi kama motsi ba, shi ya sa kake jin gilmawar kunama a gefen tabarma kafin ka san mene ne. Ido na tsalle kamar sau uku a sakan yana kai wannan ɗan wuri mai kaifi inda ake bukata, ƙwaƙwalwa na ɗinke guntayen. Duk wannan aiki, da na sauran jiki da tunani, ƙwaƙwalwa na yin sa ne da ƙarfin da bai wuce wat 20 ba. Wanda ya dubi wannan tsari da idon basira ba abin da zai ce sai tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

A ƙarshen shekarun 1980, a jami'ar Caltech da ke Kaliforniya, Farfesa Carver Mead da ɗalibarsa Misha Mahowald suka ce bari su ƙera silikon da ke aiki irin na retina, maimakon irin na akawu mai cika littafi. Aikinsu ya fito a mujallar Scientific American a 1991 ya ja hankalin duniya. Mahowald ta koma Zurik a ƙasar Suwizalan, ta rasu a 1996 tana da shekara 33, ba ta ga inda abin ya kai ba. Cikin waɗanda suka yi karatu a hannun Mead akwai ɗan Afirka, Kwabena Boahen, haifaffen Akara a Gana, wanda shi ma ya ƙera retinar silikon kuma yanzu farfesa ne a jami'ar Stanford. Ina ambatonsa ne don matasanmu su san wannan fage ba a rufe yake da mu ba.

A Zurik ɗin ne abin ya nuna. A 2008 Patrick Lichtsteiner da Christoph Posch da Tobi Delbruck suka wallafa bayanin wata sensa mai gidaje 128 a tsaye, 128 a kwance. Gidaje dubu 16 da ɗoriya ke nan, abin da wayar da ta fi kowace araha a kasuwa ta ninka sau da yawa. Amma ba ta ɗaukar hoto sam. Ni ina kiranta kyamarar canji. A cikinta kowane fiksel cin gashin kansa yake. Yana riƙe da ƙarfin hasken da ya ba da labarinsa na ƙarshe, yana jira. Idan haske ya ƙaru ko ya ragu da wani kaso da aka saita, a ce 15 cikin 100, nan take sai ya aika ɗan gajeren saƙo: ni ne gida kaza, a lokaci kaza, haske ya hau, ko ya sauka. Ba ya jiran maƙwabcinsa, ba ya jiran a zo zagayen awo. In ba abin da ya canza, bakinsa alaikum. Kamar gaisuwarmu ce: a ce maka ina labari, ka ce sai alheri, a wuce, ba ka tsayawa lissafa cewa ɗakinka na nan inda yake, rijiya ma ba ta gusa ba. Da wannan kyamara ce a ƙofar kawu, da daren nan duka ba za ta ce komai ba sai 'yan ɗigo-ɗigo na kuskure, sannan da ƙarfe uku siffar kyanwa ta fito zane-zane, kowane ɗaga ƙafa a kan lokacinsa.

Abu biyu ke fitowa daga wannan tsari, kuma na biyun ya fi shafarmu.

Na farko sauri. Sensar 2008 tana iya amsa canji cikin kashi 15 cikin miliyan na sakan idan haske ya wadata. Mu kwatanta da hanyar Garwa zuwa Marwa. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a sakan, wato tsakanin hoto ɗaya da na gaba a kyamara mai 30 a sakan ta riga ta shafe fiye da rabin mita a makance. Idan jaki ne ya faɗo titi, ko yaro ya biyo ƙwallo, rabin mita ba wasa ba ne. Ayarin Davide Scaramuzza a jami'ar Zurik sun nuna a 2020 wani ƙaramin jirgi marar matuƙi da ke gane abin da aka jefo masa cikin kashi 3.5 cikin dubu na sakan, ya kauce. A 2024 kuma suka wallafa a mujallar Nature cewa idan aka haɗa kyamarar canji da kyamara ta yau da kullum mai hoto 20 a sakan, ana samun saurin gano abu irin na kyamara mai hoto 5,000 a sakan, alhali bayanan da ake turawa ba su fi na mai 45 ba. An ma kai irin waɗannan kyamarori tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a ƙarshen 2021 don kallon walƙiya daga sama.

Na biyu shi ne jure haske da duhu a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton ranar suna ya san wannan ciwo. Dattawa na zaune a zaure, rana ta watan Afrilu na dukan ƙofa. In ka saita waya a kan fuskokinsu, bakin ƙofa ya zama fari fat, wanda ke shigowa ba a ganinsa. In ka saita a kan ƙofa, dattawan su koma inuwa baƙi ƙirin. Dalili shi ne ƙwaryar nan ta fiksel: lokacin tarawa ɗaya aka ba kowa, na rana ya cika ya tumbatsa, na inuwa ko gindinsa bai jiƙe ba. Wayoyin yanzu na rufe wannan da dabarar ɗaukar hotuna da yawa a jere su haɗe, shi ya sa yaron da ya ruga ta tsakiya kan fito da hannu biyu a gefe ɗaya. Fiksel na kyamarar canji kuwa kaso yake aunawa, ba yawa ba. Mai sefa 100 da aka ƙara masa 15, da mai sefa 100,000 da aka ƙara masa 15,000, a wurinsa labari ɗaya ne. Saboda haka gidan da ke kallon rana da wanda ke kallon lungun zaure kowa na aikinsa ba tare da ya dami wani ba. Sensar Zurik na iya aiki tsakanin haske biyu da ɗaya ya ninka ɗaya sau miliyan, inda sensa ta gama-gari ba tare da dabaru ba take tsayawa a wajen sau dubu ko 'yan dubbai. Ka tuna direban da fitilar tirela ta dalle masa ido da dare, ga mai keke ba fitila a gefen titi. Wannan shi ne wurin da irin wannan sensa ke da abin faɗa.

Kamfanoni sun shigo. A 2021 Sony na Japan da Prophesee na Faransa suka fitar da sensa mai gidaje 1280 a 720, ana amfani da irinta a masana'antu wajen ƙirga ƙananan kaya da ke zubowa da gudu da lura da karkarwar inji kafin ya lalace. Wasu masanan kuma siffar ido suka bi: retina a lanƙwashe take kamar cikin ƙoƙo, shi ya sa ido ke wadatuwa da madubi ɗaya inda waya ke jera gilasai da yawa don gyara hoto a kan falle miƙaƙƙe. A 2020 wani ayari a Hong Kong ya nuna idon gwaji mai lanƙwasasshiyar retina.

Sai dai ina ganin kalmar "kamar idon mutum" da ake yawan liƙa wa waɗannan kaya ta yi musu yawa. A idon ɓera kaɗai an ƙirga nau'in ƙwayoyin aika saƙo sama da 30, kowanne da irin labarin da yake kaiwa: wannan launi, wannan gefen da abu ya nufa, wannan hasken da ya daɗe bai canza ba. Kyamarar canji hanya ɗaya ta kwaikwaya daga ciki. Sakamakon haka, abin da ya tsaya cak ɓacewa yake yi mata. Ɓarawon da ya lafe a jikin bango bai motsa ba, a wurinta bango ne. Masu bincike a jami'ar Maryland sun gwada maganin wannan a 2024 ta hanyar sa wani ɗan gilashi mai juyawa a gaban sensa, don ya yi mata irin rawar nan da ido ke yi. Yawancin kyamarorin canji kuma ba su ganin launi, abin da suke fitarwa ma ba hoton da za ka kai gaban alƙali ka ce ga fuskar wanda ya shiga ba ne. Shi ya sa tun 2014 ake ƙera masu haɗa aikin biyu a falle ɗaya, kuma jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin ta fitar da nata salon a 2024.

A nan zan ɗan ratse, domin na san yadda labari ke sauya kama a bakin mutane. Wannan ba maganin makanta ba ne. An taɓa dasa wa makafi wata na'ura mai suna Argus II, wadda Amurka ta amince da ita a 2013, amma ɗigo 60 kacal take da su, abin da take bayarwa walƙiyar haske ne da inuwar abubuwa, kuma an daina ƙera ta. Tsohon da yanar ido ta rufe masa gani kada a ce masa ya jira idon silikon. Aikin yana abu ne da likitocin ido ke yi yau, kuma mutane na komawa gida suna gani.

Akwai kuma matsalolin da ƙasarmu za ta tsananta. Wutar lantarkinmu a Kamaru da Cadi tana juyawa sau 50 a sakan, saboda haka fitilu da yawa, musamman masu araha, suna ƙyaftawa sau 100 a sakan. Idonmu ba ya kamawa, kyamarar canji kuwa kowace ƙyaftawa labari ce a wurinta, sai ta cika hanya da surutu. Ruwan sama labari ne, ganyen dalbejiya da iska ke kaɗawa labari ne. Zafi ma na ƙara yawan saƙon ƙarya da fiksel ke aikawa, mu kuwa a Garwa watan Maris da Afrilu ma'auni na haura 40 a inuwa. Sannan manhajojin gane hoto da duniya ta tara duk a kan hotuna cikakku aka gina su. Wannan sabon yare na ɗigo-ɗigo sai an sake koya wa kwamfuta shi. Manyan tarin bayanan da aka fi yin wannan koyarwa da su kuwa a titunan Suwizalan da Faransa da Amurka aka ɗauko su, inda ba hazon hunturu, ba garken shanu da ke tsallaka kwalta, ba babura goma a jere a mahaɗa ɗaya.

Duk da haka ina ganin mun fi masu ƙera ta bukatarta. A inda wuta ba ta yankewa kuma intanet ya yi araha, kyamara mai yawan zuba ba ta da wani babban laifi. Mu da ke lissafin kowane wat na faifan sola da kowane mega na data, na'urar da ke shiru sai in da dalili ita ce daidai da aljihunmu. Ina hango ta a gonakin masakwa na yankin Marwa da fadamun shinkafa na Yagwa, inda yara ke wuni suna korar jan baki: garken tsuntsu da ya taso motsi ne tsantsa a kan sararin da ba ya motsi, irin abin da aka yi wannan sensa dominsa. Ina hango ta a ƙauyukan da ke maƙwabtaka da gandun Waza, tana tada mutane kafin giwaye su kai ga hatsi, da kuma masana'antun gurzar auduga, tana sauraron karkarwar inji da ido. Waɗannan tunanina ne, kuma ba za su tabbata ba sai wani ya ɗauki sensar ya kafa ta a bakin gona ya ga abin da ƙura da zafi za su yi mata. Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008 tana da makarantar injiniyoyi, ga ta Ngaundere, ga ta Garwa da aka buɗe a 2022. Ɗalibin da ya samu sensa guda ya naɗi watan Janairu ɗaya na hazo a mahaɗar kasuwa, ya tsara bayanan da kyau, ya riƙe abin da masu bincike a Zurik za su so su gani.

Kyamarar kawu na nan a saman ƙofa. Saitin motsi ya yi aiki har damina ta faɗi, sai ƙwari suka fara taruwa a fitilar da ke gefenta, ma'ajiya ta sake cika da fukafukai. Na matsar da fitilar zuwa ɗaya kusurwar rumfa, abin ya lafa. Batirin ne har yanzu ba mu shawo kansa ba: a ranakun Agusta da hadari ke rufe rana, yakan mutu tun kafin asuba, domin sensar na can tana auna gidajenta miliyan biyu sau 30 a kowane sakan, tana kallon kwaɗo biyu da bakin kwata.